FASHIN BAƘI: Ruwa ko iska? Yadda ake sanyaya kwamfuta, da wanda ke biyan kuɗin zaɓin

Cikin daren Talata wayewar garin Laraba, 26 ga Afrilun 2023, wani bututun ruwa ya fara yoyo a wani katafaren gini da ke Clichy, a gefen birnin Paris na ƙasar Faransa. Ginin mallakar kamfanin Global Switch ne, wanda sana'arsa ita ce bayar da hayar ɗakuna ga kamfanonin da ke neman inda za su ajiye manyan kwamfutocinsu. Bututun kuwa yana cikin waɗanda ke ɗaukar ruwan sanyaya waɗannan kwamfutoci. Ruwan ya gangara har ɗakin da aka jera baturan ko-ta-kwana, wuta ta tashi, aka kwashe ma'aikata, aka kira 'yan kwana-kwana, sannan aka yanke lantarkin ginin baki ɗaya na tsawon sa'o'i.

Google na cikin 'yan hayar ginin. A rahoton da ya fitar daga baya, kamfanin ya ce yoyon ya faro ne daga ɓangaren da ba nasa ba, amma hakan bai hana ayyukan da yake yi wa abokan hulɗarsa daga yankin Paris tsayawa ba, kuma wasu daga cikinsu sai da suka ɗauki makonni kafin su dawo daidai. Ruwan da aka shigo da shi domin kada na'urori su ƙone, shi ne ya zama sanadin gobara.

Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa ai sai a bar ruwa, a koma ga fanka da iska, a huta. Sai dai watanni tara kafin gobarar Paris, a ranar 19 ga Yulin 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko a tarihi, na'urorin sanyaya ɗakunan kwamfutocin Google da na Oracle a Landan sun gaza, har kamfanonin suka kashe wasu kwamfutocin da hannunsu don kada su lalace. A rana guda, cibiyoyin adana bayanai biyu na asibitocin Guy's da St Thomas' suka durƙushe saboda zafi, likitoci suka koma aiki da takarda da biro na tsawon makonni. Ke nan kowace hanya tana da inda take karyewa, kuma zaɓi tsakaninsu, ko a kwamfutar da ke kan teburin matashi mai tace bidiyo, ko a ginin da ke riƙe da bayanan miliyoyin mutane, lissafi ne na wace asara mutum zai iya ɗauka. Bambancin kawai shi ne, a babban gini, sau da yawa ba mai ginin ke ɗaukar asarar ba.

Daga ina zafin yake fitowa?

Kusan duk lantarkin da ya shiga kwamfuta zafi yake komawa. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta kai faɗin tafin hannun yaro ba, amma manyan cikinsu na iya jan wat 250 idan aiki ya yi nauyi. Katin sarrafa hoto samfurin RTX 4090 na kamfanin Nvidia yana jan wat 450. Idan ba a janye wannan zafi da sauri ba, da zarar furosesa ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage wa kanta gudu, idan abin ya ci tura kuma ta kashe kwamfutar.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta iska. Ana ɗora wani curin ƙarfe mai siraran fukafukai a kan furosesa, zafi ya hau fukafukan, fanka ta hura iska ta kwashe shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ko wannan ma akwai ruwa a cikinsa. Siraran bututun jan ƙarfen da ke ratsa fukafukan suna ɗauke da 'yan ɗigon ruwa da aka rufe ruf bayan an zuƙe iskar ciki. Zafi ya mayar da ruwan tururi, tururin ya tafi ɗaya ƙarshen ya huce, ya dawo ruwa, ya sake zagayowa. Ruwan bai taka kara ya karya ba, kuma babu wani inji da ke tura shi, shi ya sa ba a maganar yoyo a nan.

Hanya ta biyu ta yi kama da ta mota. Ana manna wani faifan jan ƙarfe a kan furosesa, ɗan ƙaramin famfo ya riƙa tura ruwa ta cikinsa, ruwan ya bi tiyo zuwa lagireto, fanka ta hura lagireton, ruwan ya huce ya komo. Dalilin da ya sa ake wannan wahala a fili yake: lita ɗaya ta ruwa tana iya ɗaukar zafin da sai an tara iska kusan lita 3,500 kafin ta ɗauka. Ruwa yana kwashe zafi mai yawa daga ɗan ƙaramin wuri, ya kai shi inda akwai sarari.

Amma a lura da inda zafin ke ƙarewa. A hanyoyin biyu duka, cikin iskar ɗakin yake zuba. Ruwan da ke zagaye a tiyo ba ya iya yin sanyin da ya wuce na ɗakin da kwamfutar take. Wanda yake zaune a ɗakin da ya kai digiri 38 a tsakiyar bazara, ya sayi na'urar ruwa yana tsammanin ya sayi firji, ya yi wa kansa alkawarin da na'urar ba ta yi masa ba.

Yadda yoyo ke farawa

Na'urorin ruwa na kwamfutar gida iri biyu ne. Akwai wadda ake sayarwa a haɗe, an cika ta da ruwa an rufe tun daga masana'anta. Akwai kuma wadda mutum ke haɗawa da kansa, ya sayi famfo daban, tiyo daban, lagireto daban. Ta biyun ta fi yawan mahaɗai, kuma kowace mahaɗa ƙofa ce da ruwa zai iya bi. Galibin yoyo daga nan yake: zoben robar da ya tsufa ya bushe, ko mahaɗar da ba a ɗaure da kyau ba, ko wadda aka ɗaure fiye da kima har robar ta tsage, ko tiyon da aka lanƙwasa da ƙarfi domin ya shiga akwatin da bai ishe shi ba.

Akwai kuma ɓarnar da ke tafiya a ɓoye. Idan jan ƙarfe da alminiyam suka haɗu a hanyar ruwa guda, alminiyam ɗin ne ke cinyewa a hankali. Da yawa daga cikin na'urorin da ake sayarwa a haɗe haka aka ƙera su, faifan jan ƙarfe da lagireton alminiyam, sai a zuba wa ruwan sinadarin hana tsatsa. Sinadarin yana da iyakar kwanansa. Idan ya sane, gurɓataccen abu ya fara taruwa ya toshe ƙananan hanyoyin da ke cikin faifan. Ban da wannan, ruwa yana sulalewa ta jikin roba kaɗan-kaɗan cikin shekaru ko da babu huji, iska ta maye gurbinsa, famfo ya fara ƙara kamar mai kurkure baki. A gaskiya ma, mutuwar famfo da toshewa sun fi yoyo yawan faruwa. Yoyo ya fi ban tsoro ne saboda idan ya zo ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Akan ji masu talla na cewa ruwan da suke zubawa ba ya ɗaukar lantarki. Gaskiya ne cewa tataccen ruwa ba ya ɗaukar lantarki sosai, amma ba ya daɗewa a tace. Yana zagayawa yana kwasar ɓurɓushin ƙarfe, idan kuma ya ɗiga a kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira bod, sai ya gauraya da ƙurar da ke kai. A yawancin akwatuna, katin sarrafa hoto yana kwance ne daidai ƙarƙashin furosesa, don haka ɗigon farko kan sauka ne a kan abin da ya fi komai tsada.

Ko manyan kamfanoni sun ɗanɗana. A 2004 Apple ya fitar da samfurin Power Mac G5 mai sanyaya da ruwa, saboda furosesar lokacin ta fi ƙarfin fanka. Bayan 'yan shekaru masu shi suka fara kokawa da yoyon da ke cin furosesa da akwatin rarraba wuta. Da kamfanin ya fitar da Mac Pro a 2006, ga iska ya koma.

Waɗanda suka ƙware a haɗa na'urar da kansu ba sa kunna kwamfuta nan take. Sukan bar famfo kaɗai ya yi ta aiki na tsawon yini da kwana, sauran sassan babu wuta, an shimfiɗa farar takardar goge hannu ƙarƙashin kowace mahaɗa domin ɗigo ɗaya ya tona kansa. Wasu kuma sukan hura iska a cikin bututun su sa ma'auni, su ga ko za ta ragu, tun kafin a zuba ruwa. Idan kuwa yoyo ya riski mutum kwamfuta na aiki, abu na farko shi ne zare waya daga bango, ba tsayawa adana aiki ba. Sai a ciro sassan da suka jiƙe, a goge su da sinadarin barasar da masu gyaran waya ke wanke bod da shi, a bar su su bushe na kwanaki. Garajen sake kunnawa don a ga ko ta tsira shi ne yake ƙarasa kashe ta.

To wanne ya dace da mai kwamfuta a nan? Ra'ayina, ga mafi yawan mutane, iska. Babbar na'urar iska mai kyau tana riƙe kusan kowace furosesa ta aikin yau da kullum, abin da zai iya mutuwa a jikinta fanka ce kawai, ita kuwa ana samunta a kasuwa da araha, kuma ko ta tsaya ƙarfen zai ci gaba da janye wani abu na zafin. Garantin shekara biyar ko shida da masu ƙera na'urorin ruwa ke alfahari da shi ba ya amfanar wanda ya sayi kayan hannu da aka shigo da su, bai san shekarunsu nawa ba, babu kuma wanda zai mayar wa. Na'urar iska tana da nata aibin: manyan cikinsu sun haura kilo ɗaya, kuma idan za a yi doguwar tafiya da kwamfutar a hanya mai ramuka, gara a kwance ta tukuna don kada nauyin ya tsaga bod. Ƙurar hunturu kuwa ba ta zaɓe, tana toshe fukafukai kamar yadda take toshe lagireto. Ruwa ya cancanci haɗarinsa ne ga wanda kwamfutarsa ke yini tana aiki mai nauyi, yana kuma da halin sauya na'urar kafin ta tsufa.

Inda zaɓin ya zama siyasa

A manyan cibiyoyin adana bayanai, an fara rasa damar zaɓin. Kantar kwamfutoci guda a cibiya ta gargajiya takan ja kilowat 5 zuwa 10, abin da iska ke iya ɗauka. Kantar Nvidia samfurin GB200 NVL72, wadda aka ƙera domin ƙirƙirarriyar basira, tana jan kimanin kilowat 120, kuma da bututun ruwa a jikinta take zuwa. Ba sabon abu ba ne: tun shekarun 1960 IBM ke sanyaya manyan kwamfutocinsa da ruwa, kafin a samu sassan da ba sa zafi sosai a koma ga iska. Yanzu an sake juyowa, ruwa ya dawo har kan furosesa, tare da na'urorin gano ɗigo da mahaɗan da ke rufe kansu idan an zare su.

A nan akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, har a rahotannin jaridu. Ruwan da ke zagaye a rufaffen bututu ba ya ƙarewa. An zuba shi sau ɗaya, haɗarinsa yoyo ne. Ruwan da ake kuka da shi dabam ne, shi ne wanda ake amfani da shi wajen fitar da zafin daga ginin gaba ɗaya. Cibiya tana da hanya biyu a nan. Ko dai ta sa manyan injinan sanyaya masu aiki irin na firji, waɗanda ke zubar da zafin a iskar waje suna shan lantarki mai yawa, ko kuma ta watsa ruwa a hasumiyar sanyaya, wani kaso ya tashi ya bi iska ya tafi da zafin.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga hanya ta biyu. Ita ce hikimar randa da tulu: ruwa ya tsattsafo ta jikin yumɓu, iska ta ɗauke shi, na ciki ya yi sanyi. Ita ce kuma Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yi amfani da ita wajen yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, aikin da ya sa ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Hanya ce mai arahar lantarki, amma ruwan da ya tashi ya tafi ke nan.

Ana iya lissafa shi. Kafin a kawar da zafin kilowat ɗaya na tsawon sa'a ta wannan hanya, sai kimanin lita ɗaya da rabi ta tashi. Cibiya mai jan megawat ɗaya, wadda ƙarama ce a ma'aunin yau, idan da ruwa kaɗai take fitar da zafinta, za ta ƙafar da wajen lita 36,000 a kowace rana. Jarka 1,440 ke nan mai cin lita 25, irin wadda 'yan ga-ruwa ke turawa a kura.

Mutanen The Dalles, wani gari mai mutum kusan 16,000 a jihar Oregon ta Amurka, sun daɗe ba su san nasu lissafin ba. Google yana da cibiya a garin tun 2006. A 2021, yayin da kamfanin ke neman faɗaɗa ta, ɗan jarida Mike Rogoway na jaridar The Oregonian ya nemi hukumar garin ta bayyana yawan ruwan da kamfanin ke sha. Maimakon ta ba shi, sai hukumar ta maka jaridar a kotu, tana cewa alƙaluman sirrin kasuwanci ne, Google kuma ya ɗauki nauyin kuɗin lauyoyin hukumar. An shafe fiye da shekara ana tafka shari'a kafin a sasanta a Disambar 2022. Da takardun suka fito, sai ga shi a 2021 kaɗai cibiyoyin Google sun sha galan miliyan 355, wato kusan lita biliyan 1.3, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk ruwan da garin ya yi amfani da shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin ba yawan ruwan ba ne. Hukumar da jama'a suka zaɓa ce ta tsaya a kotu tana kare sirrin kamfani daga jama'ar da ruwan yake nasu.

A Uruguay ma sai da kotu ta shiga. Wani mai bincike a jami'a, Daniel Pena, ya yi shari'a kafin gwamnati ta saki bayanin cewa cibiyar da Google ke shirin ginawa a yankin Canelones za ta iya shan lita miliyan 7.6 a rana. Maganar ta faɗo ne a 2023, shekarar da fari ya tsananta har hukumar ruwa ta riƙa gauraya ruwa mai gishiri a famfunan Montevideo, babban birnin ƙasar. Jama'a suka fito zanga-zanga. Tsarin da aka amince da shi daga ƙarshe na sanyaya da iska ne. A Chile kuma, wata kotun muhalli ta soke wani ɓangare na izinin da aka bai wa kamfanin a unguwar Cerrillos ta birnin Santiago a Fabrairun 2024, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma a Satumbar shekarar Google ya ce zai sake tsara aikin daga tushe da na'urorin iska. A wuraren biyu, fasahar iska tana nan tun farko. Ba a ɗauko ta ba sai da alƙaluman ruwa suka fito fili.

Sai dai komawa ga iska ba kyauta ba ne. A Disambar 2024 Microsoft ya sanar da sabon tsarin gini wanda ruwa ke zagaye a rufe ba tare da ana ƙafar da shi ba, ya ce kowace cibiya za ta tsimi fiye da lita miliyan 125 a shekara, amma ya amsa cewa shan lantarki zai ɗan ƙaru. An sauke nauyin daga kan rijiya an ɗora wa tashar wuta, ita kuma tashar, idan da gas ko gawayi take aiki, tana da hayaƙinta, sau da yawa ma tana shan nata ruwan a wani gari da ba a gani.

Me ya shafi Najeriya?

Mafi yawan manyan cibiyoyin adana bayanai na ƙasar nan a Legas suke, kusa da inda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ke sauka. Akwai Rack Centre, akwai na MainOne wanda kamfanin Equinix na Amurka ya saya a 2022 kan dala miliyan 320, akwai kuma wadda MTN ya buɗe a 2025. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, yana da nasa a Abuja da Kano. Kiraye-kirayen a riƙa ajiye bayanan 'yan Najeriya a cikin gida na nufin za a ƙara gina wasu.

Yanayinmu ya sa lissafin ya fi na Turai wuya ta kowane ɓangare. Dabarar randa ta fi aiki inda iska take a bushe. A Legas, inda iska ke cike da laima, ba ta da ƙarfi sosai, sai a dogara da injinan sanyaya, su kuma su dogara da lantarki a ƙasar da wutar babban layinta ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, abin da ya sa cibiyoyin ke jingina da janareto ko tashar gas tasu. A Arewa kuwa, inda busasshen zafin bazara ya sa sanyaya da ruwa zai fi araha ga mai gini, nan ne unguwanni ke sayen ruwa a jarka, kuma watannin da cibiya za ta fi buƙatar ruwa su ne watannin da rijiyoyi ke ja da baya. Zafin da ya durƙusar da na'urori a Landan na yini ɗaya, a Sakkwato da Maiduguri abu ne na kowace bazara.

Saboda haka duk lokacin da wani gwamna ko minista ya yanke zaren buɗe irin wannan gini, ko ya sa hannu a yarjejeniyar kawo shi, akwai tambayoyin da suka wuce na yawan ayyukan yi da aka yi alkawari. Da me za a fitar da zafin, lita nawa a rana a watan Afrilu, daga famfon gwamnati ko daga rijiyar burtsatse, kuma wa ya auna abin da hakan zai yi wa rijiyoyin maƙwabta? Ina aka ajiye baturan, kuma wane bututu ne ya bi ta samansu? Idan ginin ya tsaya kamar na Clichy, a ina kwafin bayanan yake?

Akwai ƙofar da za a bi. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi cewa a baje rahoton irin wannan tantancewa domin jama'a su duba su yi tsokaci. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman takardun da ke hannun ma'aikatu da hukumomin gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa, ko ta bayyana a rubuce dalilin da ya sa ta ƙi.